Daga Gawayi Zuwa Tiransista: Tarihin Tayar da Fitilun Tartsatsi da Wutar Di-si

Fitilun lantarki na gargajiya gida biyu ne. Akwai masu zare, waɗanda wuta ke bi ta siririyar waya har ta yi jawur ta ba da haske. Akwai kuma na tartsatsi, waɗanda babu zaren da ya haɗa bakinsu biyu, sai dai wutar ta keta ta cikin iskar gas ko tururin ƙarfe da aka rufe a gilashi. Dogon farin ƙwan nan na ofisoshi da azuzuwa, da fitilun titi masu ruwan ɗorawa, da farar fitilar gaban mota mai kashe ido, duk 'yan wannan gida na biyu ne. Sun fi masu zare haske da tsimin wuta nesa ba kusa ba, amma suna da hali mai wuyar sha'ani wanda ya daɗe yana ba injiniyoyi ciwon kai.

Iskar gas a sanyinta ba ta barin wuta ta wuce. Sai an ture ta da ƙarfi mai yawa, ninkin-ba-ninkin abin da fitilar ke bukata idan ta kama, kafin hanya ta buɗu. Da zarar ta buɗu kuwa, sai al'amari ya juye: iyakar yawan wutar da ke wucewa, iyakar sauƙin wucewarta, har fitilar ta zuƙi abin da zai ƙona ta idan ba a tare ba. Kamar doki ne mai gardama, wanda sai an zabure shi yake tashi, in ya tashi kuma sai an ja linzami. Saboda haka kowace irin fitilar tartsatsi na bukatar abubuwa biyu a bayanta, mai tayarwa da mai ƙayyadewa.

A wutar da ke kai-komo sau 50 ko 60 cikin daƙiƙa, wadda masu gyara ke kira e-si, ayyukan nan biyu ba su da wahala. Taransifoma na ɗaga ƙarfin turi, naɗin waya a kan ƙarfe, wato cok, na rage gudun wutar ba tare da ɓarna mai yawa ba. Dukansu sun dogara ne a kan abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa sauyawar maganaɗisu ita ke haifar da turi a cikin waya. Wutar di-si kuwa, irin ta batir, hanya ɗaya take miƙewa, ba ta sauyawa. A gabanta taransifoma ba ya aiki, cok kuma waya ce kawai. Ƙofa guda ta rage: idan wuta na gudana a cikin cok aka yanke ta farat ɗaya, maganaɗisun da ya taru zai rushe, ya jefo turi mai tsanani na ɗan ƙiftawar ido. Kusan duk dabarun da suka biyo baya a kan wannan yankewar aka gina su.

Fitilar farko ba ta ma bukaci wannan ba. A farkon ƙarni na 19 Humphry Davy a Landan, da Vasily Petrov a Rasha, sun nuna cewa idan aka haɗa sandunan gawayi biyu da babban batir, aka taɓa bakinsu, sannan aka ɗan raba su, harshen wuta mai tsananin haske zai tsaya a tsakani. Hannu ne mai tayarwa a nan. Da aka zo haskaka tituna, sai aka ɗora wa na'ura aikin. A fitilun Charles Brush, waɗanda aka kunna guda 12 a dandalin birnin Cleveland na Amurka a watan Afrilun 1879, sandunan na manne da juna idan babu wuta. Wuta na shigowa sai ta bi ta wani naɗin waya, ya zama maganaɗisu, ya ɗaga sandar sama kaɗan, haske ya kama. Di-si ta nuna wani halinta tun a lokacin, domin sandar fositif na cinyewa kusan ninki biyu na ta negatif. Wannan ne ya sa Pavel Yablochkov, wanda fitilunsa suka haskaka wani babban titin Faris a 1878, ya koma ga e-si, tun da sandunansa a jere suke kafaɗa da kafaɗa, dole su ƙare tare. Shi kuwa mai tayar da tasa ɗan ɓarɓashin gawayi ne da aka liƙa a bakin sandunan, wanda ke ƙonewa da zarar an kunna. In ta mutu, ta mutu ke nan, sai an sa sabuwa.

Wadda ta zauna ta auna halin wannan harshen wuta da kyau ita ce Hertha Ayrton ta Ingila. Ta fitar da lissafin da ya nuna yadda turin da ke tsakanin sandunan ke raguwa yayin da wutar ke ƙaruwa, ta kuma bayyana dalilin hucin da fitilun ke yi. A 1899 ta zama mace ta farko da ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Birtaniya ta karɓa, littafinta kan batun ya fito a 1902. Sunanta ya cancanci a fi jin sa, domin aikinta ya mai da abin da makanikai ke yi da lalube ya zama abin da ake lissafawa a takarda.

Da aka rufe tartsatsin a cikin gilashi, hannu ya daina kaiwa gare shi. Bututun Heinrich Geissler na 1857 da naɗin Ruhmkorff ake tayar da shi, na'urar da ke da ɗan harshen ƙarfe mai karkarwa yana yanke wutar batir yana mayarwa ba ƙaƙƙautawa, kowace yankewa na jefo dubban bolt. Wannan ya wadatar a ɗakin gwaji, amma bai isa haskaka masana'anta ba.

Peter Cooper Hewitt, ɗan birnin New York, shi ya kawo fitilar zaiba ta farko da ta shiga kasuwa, wadda ya yi wa rajista a 1901, kuma da di-si take aiki. Hakan bai zama abin mamaki ba, domin tun daga tashar Edison ta titin Pearl a 1882 unguwanni da yawa na manyan birane di-si suke sha, mai bolt 110. Fitilar dogon bututu ce da aka rataye a ɗan karkace, da kwarmin ruwan zaiba a ƙarshenta na ƙasa. Mai kunnawa zai ja wata sarƙa, bututun ya sunkuya, zaibar ta gangara siririya har ta haɗa baki da baki, wuta ta bi ta cikinta. Yana sakin sarƙar sai bututun ya koma, zaren zaibar ya tsinke, tartsatsi ya tashi a wurin tsinkewar ya cika bututun da haske. Dabarar Davy ce aka maimaita, ruwan ƙarfe ya maye gurbin gawayi. Daga baya aka daina wahalar da bututun. Aka sa wani ɗan makunni na gilashi mai zaiba a ciki, wanda maganaɗisun cok ke karkatarwa, ya yanke wutar da kansa, turin da ya biyo baya ya tayar da fitilar. Haskenta shuɗi-kore ne, babu ja a cikinsa, yana mai da fuskar mutum kamar ta majinyaci, don haka ba ta shiga gidaje ba. Masu ɗaukar hoto da maɗaba'u da masana'antu su suka rungume ta.

Dogon ƙwan da aka fi sani ya shiga kasuwa a Amurka a 1938, kuma don e-si aka tsara shi. A kowane bakinsa akwai ɗan zare da ake ɗumamawa tukuna. Sitata, ɗan gwangwanin nan da ake murɗawa a gefe, na ɗauke da falle biyu na ƙarfe da zafi ke lanƙwasawa. Suna haɗuwa zaren ya yi ɗumi, suna rabuwa cok ya jefo turi. Wannan ne ƙyaftawar da ake gani kafin hasken ya zauna. Sai dai jiragen ruwa da na ƙasa, da taragun cikin gari, da tsofaffin unguwanni, di-si suke da ita, su ma kuma suna son sabon hasken.

A nan aka fi shan wuya. An bar cok a wurinsa domin turin farko kaɗai, aka ƙara razista domin ƙayyade wutar, shi kuwa razista na cin kusan daidai da abin da fitilar ke ci, ya mai da shi zafi. Rabin tsimin da aka sayi fitilar dominsa ya tafi ke nan. Wasu kan sa ƙwai mai zare a madadin razistan, don ko ba komai ɓarnar ta ba da ɗan haske. Bakin makunni ma ya fi saurin cinyewa, domin di-si ba ta sauka sifiri balle tartsatsin yankewa ya mutu da kansa. An fi amfani da maɓallin dannawa da hannu, ko sitata mai ƙafa huɗu wadda ke farawa a rufe, ɗan zaren ɗumi ya buɗe ta bayan 'yan daƙiƙu. Ga kuma wata matsala da ba a san ta a e-si ba. Idan fitilar ta daɗe a kunne, zaibar da ke ciki kan yi ƙaura zuwa bakin negatif, ɗaya bakin ya dushe. Maganin da aka samu shi ne makunni mai juya kan wayoyin duk lokacin da aka kunna, yadda zaibar da ta taru a wannan baki jiya za ta koma wancan yau.

Gaskiyar magana, ba a taɓa shawo kan wannan matsala gaba da gaba ba, kewaye ta aka yi. An ƙirƙiro tiransista a 1947, sannan a 1954 George Royer na kamfanin Westinghouse ya haɗa guda biyu da ƙaramin taransifoma yadda suke karɓeɓeniya, wannan ya buɗe wancan ya rufe. Harshen ƙarfen Ruhmkorff ne ya dawo, ba tare da abin da ke motsi ko cinyewa ba. Da irin wannan inbata, batir mai bolt 6 ko 12 na iya ba da e-si mai kai-komo sau dubbai a daƙiƙa, ya tayar da fitila ya kuma ƙayyade ta, babu razista mai zafi, babu ƙaurar zaiba. Ita ce ta sa dogon ƙwai a motocin safa da taragun jirgi, da bayan allon kwamfutar cinya ta da. Ita ce kuma ke cikin fitilun caji masu ƙananan bututu da suka cika kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan LED. Baƙin da kan bututunsu ke yi da wuri yakan samo asali ne daga tayar da su ba tare da isasshen ɗumi ba, musamman idan batir ya yi sanyi.

Wuri guda da di-si ta riƙe matsayinta shi ne majigin silima. Fitilar zenon, wadda kamfanin Osram na Jamus ya fitar a shekarun 1950 ta kuma kori sandunan gawayi daga majigi, da di-si take ci, shi ya sa bakinta na fositif ya fi ɗayan kauri sosai, don shi ke ɗaukar zafin. Gas ɗin cikinta a matse yake, sai an harba masa dubun-dubatar bolt kafin ya buɗe hanya, daga nan ta ci gaba da 'yan gomman bolt kawai. Da zenon ta shiga fitilar gaban mota a BMW a 1991, akwatin da ke bayanta na ɗaukar bolt 12 na batir, ya harba sama da 20,000 don tayarwa, sannan ya sauko kusan 85, yana juya kan wutar sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Motar Lincoln Mark VIII ta 1996 ta gwada barin wutar a miƙe, amma tsarin bai kai na e-si ƙarko ba, aka watsar da shi.

A watan Nuwamban 2007 kamfanin Con Edison ya yanke layinsa na di-si na ƙarshe a New York, shekaru 125 bayan tashar titin Pearl. A lokacin farin LED, wanda ya fito kasuwa a 1996, ya riga ya fara cin kasuwar fitilun batir. Shi ɗan asalin di-si ne, yana kamawa da bolt 3 ko kusa da haka, ba ya bukatar sitata ko turin farko, amma shi ma sai an sa masa abin ƙayyade wuta, in ba haka ba ya ƙone.