Guguwar da jirgi ke bari a bayansa

Bakin fiffiken jirgi yakan murɗa iska ta zama guguwa, tana juyawa bayan ya wuce. Da katafaren Boeing 747 ya fara jigila a 1970, dole hukumomi suka tsaurara tazara tsakanin jirage masu tashi.

Ranar 12 ga Nuwamba, 2001, jirgin American Airlines mai lamba 587 ya tashi daga New York a bayan wani 747 na Japan, ya faɗa guguwarsa har sau biyu. Ita kaɗai ba ta isa ta kayar da shi ba. Mataimakin matuƙin ne ya riƙa taka fedar da ke karkata jirgin, dama da hagu, har wutsiyar jirgin ta ɓalle.

Mutum 265 suka rasu, biyar daga cikinsu suna ƙasa ne, a unguwar Belle Harbor inda jirgin ya faɗi.