Fili da Inuwa a Tarihin Birnin Kano

Galibi in ana zancen shuka itatuwa da keɓe filaye a birane, akan ɗauka Turawa ne suka kawo al'adar. Tarihin Kano bai goyi bayan wannan zato ba.

Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12, wadda kuma Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da gonaki da makiyaya, domin jama'a su sami abinci in abokan gaba sun yi wa gari zobe. Sa'ad da Clapperton ya iso a 1824, ya tarar gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba. Har ila yau akwai kududdufai, watau ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu. Ba don ado aka yi su ba, amma su ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Lunguna kuwa, da ƙuncinsu da karkacewarsu, daidai mai tafiya a ƙasa da jakinsa aka yi su, katanga na yi masa inuwa.

Bayan 1903 Turawa suka zauna a Nasarawa, suka shimfiɗa tituna masu faɗi, daga baya aka jera musu darbejiya. Sai inuwa ta soma zama alamar unguwar masu mulki. Tsarin Trevallion na 1963 zuwa 1983 ya yi nufin tsara bunƙasar gari, amma yawan jama'a ya riga shi gudu. Aka riƙa cike kududdufai da shara ana yanka fuloti, aka ci ganuwa da gini. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sāke ta da siminti. Filin Idi ma bai tsira ba: an gina kantuna a cikinsa, aka rushe su a 2023.

Abin lura shi ne, kududdufi ba shi da mai kare shi, domin gidan sauro aka ɗauke shi. Ba a ga amfaninsa ba sai da ruwan da ya rasa masauki ya fara shiga ɗakunan mutane.