Navrongo da Yaƙin Sanƙarau: Yadda Aka Koya wa Garkuwar Jiki Tuna Maƙiyi

Hausawa sun raɗa wa sanƙarau suna daga alamarsa, domin wuyan mai ciwon yakan sanƙare har ya kasa sunkuyar da kai. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cuce su ba. Idan ta kutsa cikin jini, takan gurɓata shi, ko ta haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Nan ne fararen ƙwayoyin jini suke yin dafifi don su yaƙe ta, har ruwan laka, wanda a da garau yake, ya koma gurɓatacce. Kumburin da wannan gumurzu yake haifarwa yana cikin abin da ke kurmantar da yaro ko ya hallaka shi.

Annobar ta daɗe a ƙasashen da ke kudu da Hamada. An ba da rahotonta a arewacin Najeriya a 1905, ba da jimawa ba kuma ta ɓulla a arewacin ƙasar da ake kira Ghana a yau. A 1963 wani likita Bafaranshe, Léon Lapeyssonnie, ya siffanta yankin da take yawan afka wa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har zuwa Habasha. Kano da Maraɗi suna ciki, haka nan Navrongo da Bawku. Takan taso ne lokacin ƙurar hunturu da zafin bazara, ta lafa da faɗuwar damina.

Mafi muninta ta zo a 1996 da 1997, inda mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. A arewacin Ghana kaɗai waɗanda suka kamu sun haura 18,000. A lokacin garin Navrongo, kusa da iyakar Burkina Faso, yana da cibiyar binciken lafiya wadda ta faro a 1988 da gwajin bitamin A ga yara. Amfaninta shi ne tana riƙe da lissafin mutanen gundumar Kassena-Nankana gida-gida, da haihuwarsu da mutuwarsu.

Dakta Abraham Hodgson, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar, ya bi sawun waɗanda annobar ta taɓa. Bincikensa ya nuna cewa shaƙar hayaƙin itace a madafa da kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon suna ƙara haɗarin kamuwa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tashi sun tashi da raunin ji. Daga 1998, tare da masana daga birnin Basel na Suwizalan, aka riƙa ɗibar samfuri daga maƙogwaron mutanen gundumar sau biyu a shekara. Sai aka ga nau'o'in ƙwayar suna zuwa bi da bi: nau'in A ya yaɗu ya ja baya, nau'in X ya maye gurbinsa, sannan A ya dawo.

Akwai allurar rigakafi tun shekarun 1970, amma tana da naƙasa. An yi ta ne da zallar ɓawon sukari da ke lulluɓe ƙwayar cutar. Wannan ɓawo yana zaburar da fararen ƙwayoyin da ake kira B su fitar da sinadaran kariya, sai dai ba ya tada ƙwayoyin T, waɗanda da taimakonsu ne jiki ke adana kamannin maƙiyi. Saboda haka kariyar takan gushe cikin 'yan shekaru, ba ta kama jarirai sosai, ba ta kuma kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. Shi ya sa akan jira annoba ta ɓarke kafin a fito da allura, wato sai bayan ɓarna ake gyara.

Dabarar da ta sauya lamarin ita ce ɗaura ɓawon sukarin a jikin wani furotin da ake rigakafin cutar sarƙe-haƙora da shi. Ƙwayoyin T suna gane furotin, sai su taimaki ƙwayoyin B, a samu masu tuna maƙiyi shekaru masu yawa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ɗauki wannan aiki, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa allurar MenAfriVac a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Aka fara yin ta a Burkina Faso a Disamban 2010, ga masu shekara 1 zuwa 29.

Sauran tambaya ita ce ta jarirai, kuma Navrongo na cikin wuraren da suka amsa ta. Daga 2008 Hodgson da abokan aikinsa suka gwada allurar a kan jarirai kimanin 1,200. Sakamakon, haɗe da na wani gwaji a Mali, shi ne hujjar da Hukumar Lafiya ta dogara da ita wajen ba da shawarar sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum. Ghana ta yi gangamin rigakafi a arewacinta a 2012, wanda ya haɗa da Bawku da Yendi da Salaga, sannan ta sa allurar cikin jadawalin yara a 2016.

Tun daga nan nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin. Amma abin da aka gani a maƙogwaron mutanen Kassena-Nankana ya tabbata: nau'o'in C da W da X sun ci gaba da ɓarna. Don haka a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'o'i biyar, wadda aka gina a kan wannan dabara ta haɗa sukari da furotin.