Daga Laimar Fata Zuwa Amalanke Mai Rumfa a Arewacin Adar

Wanda duk ya bar birnin Tawa ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Takanamat inda gonakin gero na Adarawa suke fara tsinkewa har su bar fili ga makiyayar Azawak, yana iya cin karo da iyali guda masu ƙaura: jakuna na jan amalanke mai tayar mota, an ɗaure masa turaku da tabarmi da ƙafafun gado da jarkokin ruwa, a bisa kuma an tanƙwara 'yan sanduna an yafa tamfol domin tsohuwa da jarirai su sami inuwa, idan kuwa rana ta yi sanyi aka sauka, sai a kwance wannan tamfol a kafa shi a ƙasa ya zama ɗakin kwana. Ido ya saba da abin har ba a tambayar asalinsa, alhali rufin ya girmi ƙafafun amalanken da ƙarnuka masu yawa, kuma ba hannu ɗaya ne ya yi su ba.

Rufin shi ne na fari. Tun a Suratun Nahli an ƙidaya ɗakunan da ake yi da fatun dabbobi cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa bayinSa, saboda sauƙin ɗaukarsu ga matafiyi, kuma Ibn Khaldun, da ya zo rarrabe mutanen ƙauye da na birni a Muƙaddimarsa, ya ba masu zaman laima babban matsayi cikin bayanin yadda dauloli ke tasowa. A wannan ƙasa tamu ta Nijar, waɗanda suka riƙe sana'ar ɗakin fata suka kai ta matuƙa su ne Abzinawan Azawak, musamman Kel Dinnik, watau reshen gabas na Iwillimmidan, waɗanda tun wajen ƙarni na 18 suke sauka Adar da rani neman hatsi da ruwa, da damina kuma su haura arewa zuwa ƙasar gishiri ta Ingal domin dabbobi su lasa. 'Yan'uwansu na duwatsun Abzin sun fi yin ɗaki da tabarmin kaba, don goruba ta wadata a ƙoramunsu; amma mutanen Azawak, da yake arzikinsu awaki ne da tumaki, fata suka rufa a kansu.

Aikin kuwa na mata ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ba aikin wata ɗaya ba ne. Uwa takan fara tara fatu tun 'yarta tana ƙarama, duk akuyar da aka yanka domin baƙo ko suna ko layya sai a ajiye fatarta, a jiƙa ta a tuge gashin, a jeme ta da bagaruwa, a murza har ta yi laushi, a naɗe a adana. Idan fatu suka kai talatin ko arba'in, ko fiye da haka ƙwarai in gidan masu hali ne, sai a yi gayyar matan zango, su zauna a inuwa kowace da basillarta, ana yanke gefuna ana haɗawa da siraran tsirkiyar fata maimakon zare, wata tsohuwa da ta san aikin tana duba kowane ɗinki, domin ɗinkin da ya yi sako-sako nan ne ruwan damina zai fara shiga. Bayan an gama sai a shafe rufin da man shanu da jar ƙasa, wanda shi ne ke ba shi launin nan ja mai duhu, ya kuma hana ruwa ratsa shi da rana busar da shi har ya tsage. Maƙeran Abzinawa su ke sassaƙa dirkar tsakiya da turakun gefe da ƙafafun gado, suna yi musu zane, sa'an nan a kewaye cikin ɗakin da doguwar tabarmar ciyawa wadda aka saƙa da igiyar fata, ta tare iska da rairayi. Da zafi a ɗaga gefen rufin iska ta ratsa, da hunturu a sauke shi har ƙasa. Mata biyu ko uku suna iya kwance shi duka su ɗora wa jakuna kafin hantsi ya yi.

Wani al'amari da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa wannan ɗaki mallakar mace ne. Da shi take zuwa gidan aure, miji a cikinsa yake kwana a matsayin wanda aka saukar, idan kuma Allah Ya ƙaddara rabuwa sai ta kwance abinta ta koma wurin danginta, shi ya nemi inuwar itace. Edmond Bernus, Bafaranshen da ya daɗe yana zama da makiyayan Azawak ya kuma fitar da babban littafinsa a kan Abzinawan Nijar a 1981, ya yi bayanin wannan al'ada, amma kowace tsohuwa a kasuwar Abalak ko Cintabaradan ta fi shi saninta. Hatta inuwar tafiya ma an tanade ta tun da can, gama matan manyan gida sukan hau raƙumi a kan sirdi mai rumfa, an tanƙwara sanduna an yafa farin ƙyalle, ɗan'uwan haudajin Larabawa wanda ɗaliban tarihi suka sani daga labarin Yaƙin Raƙumi na shekara ta 36 bayan Hijira.

Ƙafafun kuwa baƙi ne na jiya-jiya. Gaskiya ne a duwatsun Abzin akwai zane-zanen karusai da dawaki ke ja, waɗanda mutanen da suka shuɗe suka bari tun kafin Miladiyya, amma da raƙumi ya yawaita a Sahara sai aka bar karusa kwata-kwata, domin abin da zai nutse cikin rairayi ba ya gasa da abin da ke tafiya a kansa. Fatake da makiyaya suka yi ta ɗaukar kaya a kan raƙumi da jaki da takarkari har Faransawa suka kafa barikinsu a Tawa a farkon ƙarni na 20, su ma ɗin ba su damu da ba talaka amalanke ba. Sai bayan samun mulkin kai a 1960, da aka kafa hukumar bashi da ƙungiyoyin manoma ta UNCC a 1962, aka fara ba manoma garmar shanu da amalanke bisa bashi, daga baya kuma aka buɗe masana'antun ƙera su a Doso da Damagaram da Maraɗi, ta Tawa ita ce ake kira ACREMA. Da aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit saboda ma'adinin yuraniyom a wajen 1980, motoci suka yawaita, matattunsu ma suka yawaita, sai masu walda na cikin gari suka gane cewa ƙarfen bayan tsohuwar mota da tayoyinta biyu, in an ɗora musu firam da katako, sun isa amalanke mai rahusa wanda ba ya jiran takardar hukuma. Manomi ne ya fara sayensa don kai taki gona da kwaso damman gero. Makiyayi ya daɗe yana kallonsa daga nesa.

Abin da ya haɗa rufin da ƙafafun musiba ce, ba dabara ba. Farin 1973 da 1974, sa'an nan na 1984 da 1985, sun karkashe dabbobin Azawak har iyalai da yawa suka wayi gari ba raƙumin ɗaukar kaya, ba garken da za a tara fatunsa, ba man da za a shafe tsohon rufi, wasu ma suka sayar da rufin kansa don su ci. Jama'a suka taru a bakin garuruwa da sansanonin agaji, irin na Lazare kusa da Yamai, inda aka raba musu tamfol da tantin zane. Da ruwa ya dawo suka koma daji, tamfol ɗin ya bi su. Jaki, wanda ya fi raƙumi araha ya kuma fi saniya jure yunwa, ya zama abin dogaro, kuma jakin da ke ɗaukar jarka biyu a bayansa yana jan goma a amalanke inda ƙasa take da tauri. Fulani Bararoji, waɗanda asali ba su da rufi sai shingen ƙaya da gado da jeren ƙore, su ma suka karɓi leda da tamfol don damina. Ko a 2013, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware yankin Intikan a ƙasar Tiliya domin 'yan gudun hijirar Mali su zauna da dabbobinsu, tamfol ne aka ɗora a kan turakun da aka sassaƙa wa fata.

Turawa ma suna da irin wannan ɗaki, amma ta wata ƙofa suka shigo masa. A Ingila wani likita, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗakin da dawaki ke ja a 1885 domin yawon shan iska, aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1907, da mota ta yawaita kuma aka riƙa ƙera 'yan ƙananan tireloli masu rufin zane da ake naɗewa, ana jan su zuwa bakin tabki a yi hutu a komo. Abin da su suke nema don nishaɗi, mutanen Azawak larura ce ta ɗora musu, sai dai matsalar mai ƙira ɗaya ce a wurare biyun, watau yadda rufi zai yi sauƙin cirewa ba tare da iska ta cire shi da kanta ba.

A nan ne nake ganin an yi riba an kuma yi hasara. Amalanke rahama ne babu shakka, wanda ya taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda daga zango zuwa ɗakin magani a ƙarƙashin rumfarsa ba zai yi musun haka ba. Amma tamfol na roba ba ya numfashi. Da azahar cikinsa ya fi waje zafi, iskar bazara tana kaɗa shi yana ƙara dare farai, rana tana cinye shi cikin shekara biyu ko uku, alhali rufin fata da ake shafawa yana shekaru masu yawa. Masu walda na Tawa sun ƙware a ƙarfe, maɗinka tamfol na kasuwa sun ƙware a keken ɗinki, amma ba safai ake zama da matan da suka san inda ake barin ƙofar iska da yadda ake karkata rufi ga ɓarin gabas inda hadari ke fitowa ba, kuma saninsu yana tafiya tare da tsofaffinsu. Akwai kuma wata mas'ala da ta cancanci malamai da hakimai su dube ta da idon basira: rufin fata uwa ce ke ba 'yarta, kowa ya san mai shi, amma amalanke galibi miji ne ke saye, tamfol kuma sau da yawa da sunan maigida ake rubuta shi ranar rabon agaji, ta haka matar da kakarta take fita daga aure da ɗakinta a kan jaki tana iya fita yau da ƙullin tufafi kaɗai.