Jarrabawar Turanci ta WAEC, NECO da JAMB: Abin da ya kamata iyaye su sani

Kowane irin kwas ɗalibi ke son karantawa a jami'a a Najeriya, ana neman ya zo da kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance cikinsu. A ma'aunin hukumomin WAEC da NECO sakamako yana farawa daga A1 ya ƙare a F9, C6 ce kuma mafi ƙanƙantar kiredit. Wanda ya ci sauran darussa amma ya tashi da D7 a Turanci yakan zauna gida shekara guda, mahaifi kuma ya sake biyan kuɗin rajista.

Iyaye da dama, musamman waɗanda ba su yi nisa a boko ba, suna ganin ba su da abin yi illa biyan kuɗin lesin. Alhali kuwa sanin inda maki yake shi ne rabin taimakon.

Jarrabawar Turanci ta WAEC kashi uku ce. Akwai tambayoyi 80 na zaɓar amsa kan nahawu da ma'anar kalmomi, masu maki 40. Akwai gwajin furuci, tambayoyi 60 cikin minti 45, masu maki 30. Sai babban kashin, na awa biyu, mai maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Tsarin NECO, wadda aka kafa a 1999, bai yi nisa da wannan ba. A jarrabawar JAMB kuwa, wadda ake yi a kwamfuta, Turanci ne ke da tambayoyi 60 cikin 180, har da tambayoyi daga littafin ƙagaggen labari da hukumar ke zaɓa.

Ke nan fiye da rabin makin WAEC yana wurin rubutu, kuma nan ne ɗalibai ba su cika yin atisaye ba. Yaro zai kwana yana cike tambayoyin zaɓi daga littafin jarrabawar shekarun baya, domin amsa tana bayan littafi, amma ya yi wata uku bai rubuta wasiƙa ko muhawara ɗaya ba. Ana son insha'i ya kai kalma 450 aƙalla. Masu duba takarda suna auna abin da aka faɗa, da tsarinsa, da kyawun lafazi, da tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren harafi ko alamar rubutu ke cin maki. Abin da uba ko uwa za su iya yi shi ne su sa ɗansu ya rubuta insha'i ɗaya duk mako, agogo a gabansa, minti 50, sannan a kai wa malami ko wani yaya da ya gama makaranta ya gyara da jan biro. Rubutun da ba a gyara ba maimaita kuskure ne kawai.

Taƙaitawa ma tana da dabarar da ba ta buƙatar mahaifi ya ji Turanci. A ba yaro labari ɗaya daga jaridar Turanci, ya karanta, sannan ya faɗi abin da ya ƙunsa da Hausa cikin jimla uku. Idan ya kasa, ko ya shiga kame-kame, to bai fahimta ba, kuma ɗan kasuwar da ya saba jin bayanin ciniki zai gane haka nan take. Daga nan sai ya rubuta jimlolin da Turanci, da kalmominsa, domin kwafe jimlar marubuci yadda take yana jawo asarar maki.

Gwajin furuci yana da wahala ta musamman ga Bahaushe. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ba ta da v, ba ta kuma da sautukan da ake rubutawa da th. Hausa harshe ne mai karin sauti, Turanci kuwa yana danna gaɓa ɗaya a kalma. Sauraron labaran Turanci a rediyo na minti 15 kullum, tare da ƙamus mai nuna furuci, ya fi haddar dare ɗaya amfani.

Sauran aikin na lokaci ne. Yaron da ke tsare shago har magariba, da yarinyar da girki da wanke-wanke ke jira, suna buƙatar a ɗauke musu wani abu daga watan Janairu har a gama. Waya kuma a karɓe ta lokacin karatu, in ba ƙamus ake dubawa ba.

Akwai kuma masu tallar amsoshi a WhatsApp da makarantun da ke alkawarin kiredit tara in an biya. Hukumomin suna riƙe sakamakon da ake zargi, wani lokaci na cibiya gaba ɗaya. A watan Mayun 2025 ɗalibai a wasu jihohi sun rubuta Turancin WAEC da dare, wasu da hasken tocila, bayan jinkirin da hukumar ta danganta da ƙoƙarin hana fitar tambayoyi kafin lokaci. Har ɗaliban da ba su sayi komai ba sun sha wannan wahala.