Dutse da tsakuwa: yadda ake zaɓen wanda ya dace da gini da gyaran tsakar gida

Mai gini yakan daɗe yana ciniki a kan siminti da rodi, amma idan aka zo kan tsakuwa sai ya ce a kawo mota ɗaya, ba tare da ya tambayi irinta ko girmanta ba. Alhali yashi da tsakuwa su ne kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na jikin kankare. Idan tsakuwar mai rauni ce ko mai datti, ƙarin siminti ba ya gyara ta. Ambaliyar da ta auka wa Nijar, Cadi da arewacin Kamaru a daminar 2024 ta sake nuna yadda ruwa ke gwada harsashin gida. Ga Hausawan da ke gini a wata ƙasa, ko masu aika kuɗi gida a yi musu, akwai ƙarin wahala: sunan tsakuwa da ma'auninta suna sauyawa da zarar an ƙetare iyaka.

Ire-iren dutsen da ake samu a yankin

Giranit shi ne dutsen da magina suka fi amincewa da shi. Yana da tauri, ba ya shan ruwa sosai, kuma idan inji ya fasa shi yakan fito da kusurwoyi masu kama siminti. Shi ne manyan duwatsun da ke kewaye da birnin Damagaram, shi ne akasarin tsaunukan Mandara da ke tsakanin Kamaru da Najeriya, haka kuma tuddan Dassa a tsakiyar Benin.

Marmara, jan dutsen nan mai ramuka da ake kira latérite da Faransanci, tana da yawa a yankin Sahel. Burbushinta shi ne burji, wanda ake yin hanya da shi. Marmara tana da kyau wajen ciko, shimfiɗar hanya da katanga, domin tana damƙewa idan an jiƙa ta an daɓe. Sai dai tana shan ruwa, tana zuwa da jar ƙasa a jikinta, kuma taurinta ba ɗaya ba ne ko a rami guda. Shi ya sa ba a saka ta a kankaren ginshiƙi, linta ko rufin bene sai an gwada ta a ɗakin gwaji.

Dutsen farar ƙasa shi ne tushen siminti. Saboda shi aka kafa masana'antar Malbaza a jihar Tawa da ta Figuil a arewacin Kamaru. Mai tauri daga cikinsa yana yin kankare mai kyau, amma akwai mai laushi wanda ƙusa ke karcewa, wannan sai dai ado ko ciko. Dutsen yashi, irin wanda ke kewayen Garwa, shi ma haka yake: wani yana da ƙarfi, wani kuma yana zubar da yashi idan an goga shi da hannu. Baƙin dutsen aman wuta, wanda ake samu a yammacin Kamaru da wajen Ngaoundéré, yana da nauyi da tauri, ya dace da kankare da kwalta.

Sai tsakuwar kogi, wadda ruwa ya goge ta ta zama mulmulalliya. Ana ɗibarta a kogin Neja da gulabe da ƙoramu. Tana da sauƙin kwaɓawa, ba ta cin ruwa da yawa, kuma tana isa ga ƙaramin gida idan an wanke ta an tace. Ba ta kama siminti kamar fasasshen dutse, kuma ba ta zama wuri ɗaya a hanyar mota.

Garuruwan da ba su da dutse

Kuɗin tsakuwa galibi kuɗin mota ne. N'Djamena da Kousseri da ke fuskantarta a ɓangaren Kamaru suna zaune ne a kan laka da yashin kogunan Chari da Logone, babu dutse a kusa. Tsakuwar babban birnin Cadi tana fitowa ne daga wuraren fasa dutse na Dandi da Mani a jihar Hadjer-Lamis, ta wajen tafkin Cadi. Kwatano ita ma a kan yashi take, ana kawo mata fasasshen dutse daga can cikin ƙasa. Benin ta hana ɗibar yashin bakin teku tun 2008 saboda zaizayar gaɓa, kuma dama yashin teku da ba a wanke ba yana ɗauke da gishirin da ke sa rodi tsatsa.

A irin waɗannan garuruwa ne aka fi samun algus: a haɗa tsakuwa da ƙasa, ko a rage ta a ƙara yashi, ko a zuba fasasshen bulo a madadinta. Hanyar rage kuɗi da ba ta cutar da gini ita ce a ware aiki. A sayi fasasshen dutse mai kyau don harsashi, ginshiƙai, linta da rufi, a bar burji da ɓaraguzai ga cikon ɗaki da hanyar shiga gida.

Girman tsakuwa da sunayenta

A Nijar, Cadi, Kamaru da Benin ana faɗin girman tsakuwa da lambobi biyu na milimita. Idan an ce 5/15, ana nufin ƙaramar cikinta milimita 5 ce, babbar 15. A Najeriya da Gana kuwa da inci ake ciniki. Ga yadda suke haɗuwa:

0/5: garin dutse. Ana buga bulo da shi, ana shimfiɗa shi a ƙarƙashin bulon tsakar gida.

5/15: ƙaramar tsakuwa, ta yi daidai da 3/8 da rabin inci. Ita ce ta linta, siraran ginshiƙai da kankaren saman rufin da aka jera wa bulo mai rami, wanda kaurinsa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba.

15/25: ta yi kusa da 3/4 zuwa inci ɗaya. Ita ce ta harsashi da manyan ginshiƙai, yawanci a gauraye da 5/15 domin ƙananan su cike gurbin da ke tsakanin manyan.

Manyan duwatsu masu girman dunƙulen hannu zuwa kan mutum: na ginin harsashin dutse, katangar tare ƙasa da ramin tsotse ruwa.

Ka'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada tsakuwa mafi girma ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin rufi, kuma kada ta wuce kashi uku cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin rodi da rodi. Idan ta wuce sai ta maƙale a kan rodi, a cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma. Shafe su da siminti yana ɓoye aibin ne kawai, ruwa zai bi ta nan ya kai ga ƙarfen.

Dutsen da ake fasawa da guduma a bakin hanya yana da araha, amma girmansa ba ya daidaita kuma yakan ƙunshi faffaɗan ɓallaye masu karyewa. Idan shi ake da shi, a tace shi da rariyar waya a zubar da masu faɗi.

Awon haɗin kankare

A ƙasashen da ke aiki da tsarin Faransa, kankare mai rodi yana cin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50, tare da kimanin lita 400 na yashi da lita 800 na tsakuwa. A wurin aiki wannan yana nufin buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, muddin baron mai lita 60 ne kuma an share bakinsa ba a tula ba. Magina a Najeriya da Gana sun fi sanin haɗin 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ruwa kuma kimanin lita 25 ne a buhu. Tsakuwar da ta wuni a rana tana shanye ruwan haɗi, don haka ana yayyafa mata ruwa kafin a kwaɓa, sannan a riƙa ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7.

Gwajin da kowa zai iya yi

A damƙi tsakuwar da jiƙaƙƙen hannu a murza. Idan tafin hannu ya yi ja ko ya yi laka, sai an wanke ta, domin siminti zai kama ƙurar ne ba dutsen ba. A bugi guda biyar ko shida da guduma: mai kyau tana tsagewa da ƙara, marar kyau tana rugujewa ta zama gari. A jiƙa wasu a bokiti su kwana, wadda ta yi laushi ko ta narke ba ta gini ba ce.

Ga yashi kuma, a zuba shi a kwalba mai haske har tsawon santimita 5, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ya kwanta. Lakar za ta taru a saman yashin. Idan kaurinta ya wuce milimita 3, a wanke yashin ko a nemi wani. A guji yashi da tsakuwar da aka ɗebo daga ƙasa mai kanwa ko gishiri, kamar wasu wurare a gefen tafkin Cadi da Dallol Bosso.

Gidan bene, masallaci ko makaranta sun wuce gwajin hannu. Akwai ɗakunan gwajin kayan gini na gwamnati, kamar LABOGENIE a Kamaru da takwaransa da ke Yamai, inda ake auna taurin dutse da ƙarfin kankare bayan kwana 28. Haka ma duk ginin da za a ɗora a kan baƙar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, irin wadda ake kira karal a arewacin Kamaru, yana buƙatar injiniya kafin a haƙa harsashi.

Tsakar gida da ƙofar gida

Shimfiɗa tsakuwa a tsakar gida yana rage ƙura da taɓo, kuma yana barin ruwan sama ya nutse maimakon ya kwanta. Inda ake tafiya ba takalmi ko yara ke wasa, ƙaramar tsakuwar kogi ta fi daɗin takawa. Inda mota ke shiga, sai a fara da burji santimita 10 zuwa 15 a daɓe, a ɗora fasasshen dutse a sama. Kaurin santimita 5 ya isa ga shimfiɗar ado, a kewaye ta da bulo don kada ta watse.

Launi ma abin dubawa ne. Baƙin dutse yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, wanda matsala ce ga masu kwana a waje a watannin Afrilu da Mayu. Fari fat kuma yana kashe ido da tsakar rana. Ja ko ruwan ƙasa sun fi dacewa. A karkata ƙasa kimanin santimita 2 a kowace mita daga jikin bango zuwa waje, musamman a gidan ƙasa. A bar fili kewaye da gindin itatuwa, kuma kada a tula manyan duwatsu kusa da ɗakin kwana, domin kunama na son irin wannan maɓoya.

Inda ruwa ke cin ƙasa, jera dutse ba tare da siminti ba yakan fi katanga aiki, domin yana rage ƙarfin ruwa ya bar shi ya wuce. Da wannan dabara manoman Mandara suka daɗe suna noma a kan tsauni, da ita kuma aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984, ya farfaɗo da filaye a ƙasar Adar.

Kafin a biya kuɗin mota

“Tifa ɗaya” ba ma'auni ba ne, domin motoci sun bambanta. A auna tsawo, faɗi da zurfin kayan a cikin motar a ninka: mita 4 sau 2.2 sau 1 ya ba da mita kubik 8.8. Idan da tan ake sayarwa, mita kubik ɗaya ta tsakuwa tana kai kimanin tan ɗaya da rabi. Tsakar gida mai mita 6 da mita 5, a kaurin santimita 5, tana cin mita kubik 1.5.

Mai aika kuɗi daga nesa ya nemi a faɗa masa abu uku kafin ya biya: wurin da aka fasa dutsen, lambar girmansa da yawan mita kubik. A duba ƙasan tulin bayan an juye, ba samansa kaɗai ba, kuma a sauke kayan a kan daɓe ko leda don kada shebur ya haɗo su da ƙasa.