Tarihin salansa, daga Indiyana zuwa ƙofar lakwal ɗinmu

Ajin da nake koyarwa yana bakin hanyar da motocin ƙauye ke bi ranar kasuwa. Akwai wata tsohuwar bashe da salansarta ta ɓule tun bara. Idan ta taso, dole in yi shiru da alli a hannu har ta wuce, sannan in koma farkon jimlar da na fara. Wannan ne ya sa na bi diddigin wannan ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, wanda ba mu tunawa da shi sai ran da ya lalace.

Ƙarar ta samo asali ne daga yadda injin yake aiki. A 1876 Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injin mai bugu huɗu, irin wanda motocinmu ke amfani da shi har yau. Mai yana ƙonewa a cikin silinda, sai wata ƙofa ta buɗe, iska mai zafi ta fito da ƙarfi kamar harbi. Injin mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3000 a minti yana sakin irin wannan harbi sau 100 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa motocin farko suke firgita dawaki, suna hana mutanen gari barci.

A 1897 wasu ƴan uwa biyu, Milton da Marshall Reeves, a jihar Indiyana ta Amurka, suka samu takardar mallakar wata na'ura ta rage wannan ƙara. Bayansu Hiram Percy Maxim, wanda ya yi suna da na'urar rage ƙarar bindiga a 1909, shi ma ya ƙera salansa ta injuna. Dabarar ba ta sake sosai ba tun lokacin. Ana tura hayaƙin cikin wata tukunyar ƙarfe mai ɗakuna da bututu masu ƙananan huji. Iskar tana bazuwa, ƙarfinta ya ragu, amon ya bugi bango ya dawo ya ci karo da wanda ke tafe, su kashe juna. Wasu salansa kuma ana cusa musu audugar gilashi da ke shanye amon.

Tun farko direbobi sun yi gardama da wannan na'ura. Da yawa sun sa wata ƙofa a bututun, su buɗe ta idan suna son ƙarin gudu, hayaƙi ya fita ba tare da ya bi ta tukunyar ba. Sai da hukumomin birane suka yi dokar hana hakan. A 1970 ƙasashen Tarayyar Turai ta wancan lokaci suka tsayar da doka guda a kan iyakar ƙarar mota da tsarin bututun hayaƙinta.

Ita kuwa motar da ke da buɗaɗɗen baya, kamfanin Ford ya fara fitar da tasa daga masana'anta a 1925. Mu a nan mun san ta ne ta hanyar Peugeot 404 da 504 masu tamfal, daga nan sunan bashe ya fito, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna ce mata a-kori-kura. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta mamaye hanyoyinmu. Yawancin waɗanda ke iso mana sun riga sun tsufa. Gargadar hanyar laterit tana tsinka robobin da ke riƙe da bututun, nauyin buhuna yana sa ƙasan motar ya daki dutse, tsatsa ta ƙarasa sauran.

Wani zai ce ƙara ce kawai, a yi haƙuri. To ga abin da bincike ya nuna. A 1975 Arline Bronzaft ta auna karatun yara a wata makarantar birnin New York da ke gefen hanyar jirgin ƙasa. Ƴan aji shida da tagoginsu ke kallon hanyar jirgin sun kasance baya da kusan shekara guda a karatu idan aka gwada su da takwarorinsu na ɗaya gefen ginin. Da aka shimfiɗa roba a hanyar jirgin, aka gyara rufin azuzuwan, bambancin ya gushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa kada hayaniyar da ke shiga aji ta wuce desibel 35, wato kamar ɗakin da ake raɗa a ciki.

Akwai haɗarin da ya fi ƙara. Bututun da ya ɓule yana sakin wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, kuma yana sakinta ne daidai ƙarƙashin inda yaranmu ke zama a bayan bashe. Idan tamfal a rufe yake, ciwon kai da jiri ne ke fara zuwa, wani lokaci har da suma.

Gyaran bai fi ƙarfin makanike da mai walda na unguwa ba. A duba inda baƙin hayaƙi ya yi tabo a jikin bututun, nan ne yake yoyo. A sake gasket ɗin da ke tsakanin injin da bututun idan ya ƙone, a sa sababbin robobi, a toshe ƙaramin huji da walda. Tukunyar da ta ruɓe kuwa, sai dai a canza ta. Samarin da ke cire kayan cikin salansa don mota ko babur ya yi ruri su sani cewa dabarar da aka hana tun zamanin kakanninsu ce suke maimaitawa.

Ina kira ga ƴan uwana malamai mu kai wannan magana taron uwayen ɗalibai, domin masu motocin nan uwayen yaranmu ne, kuma ƴaƴansu na cikin waɗanda darasi ke tsayawa saboda ƙarar. Ni na yi wa mai waccan bashe magana da ladabi bayan sallar la'asar, ya ce zai kai ta garaji idan ya sayar da wakensa. Allah ya hore masa.